Minti biyu da suka ci min makin furojet

Yanzu da aka sa min hannu a kiliyarans na fita, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa game da sufabaiza na. Waɗanda muka yi dipatmen ɗaya sun san wanda nake nufi, ba sai na kira suna ba.

Furojet ɗina a kan Pan ne, wani ɗan mitsitsin wata na duniyar Zuhal, wadda aka fi sani da Saturn, mai zobban nan. Na fara son shi ne a cikin Orbiter, manhajar koyon tuƙa kumbo da Martin Schweiger ya fitar a 2000, kyauta take kuma ko tsohuwar laftof irin tawa tana ɗauka. Mutane na ganin kamar gem ce, amma a ciki ba ka juya kumbo yadda ka ga dama, sai ka yi lissafin mai da gudu da lokaci, in ka kuskure ka wuce inda za ka har abada. Sai na ce bari in rubuta tawa ƴar ƙarama da Python, yaren rubuta manhaja, wadda za ta nuna inda Pan yake a kowane lokaci da yadda kumbo zai riske shi.

Shi Pan ɗin faɗinsa bai kai kilomita 30 ba a matsakaici, kuma a cikin zoben yake zaune, a wani gibi da ake kira Encke mai faɗin kusan kilomita 325, shi ne ma yake share gibin yana ture ƙanƙara gefe. Mark Showalter ya gano shi a 1990 cikin hotunan da kumbon Voyager 2 ya ɗauka tun 1981, wato shekara tara yana cikin hoto ba wanda ya lura. Da kumbon Cassini ya matso kusa a Maris 2017 aka ga siffarsa sosai, kamar curin fura da aka zauna da shi a tsakiyar faifai, saboda ƙurar zoben da ta taru mishi a ƙugu. Wallahi ranar da na fara ganin hoton nan na daɗe ina kallo.

To ga inda rigimar take. Nisan Pan daga tsakiyar Zuhal kusan kilomita 133,600 ne. In ka sa wannan a lissafin Kepler, masanin taurarin da ya fitar da ƙa'idar zagaye, da ke cikin handawut, zai ba ka awa 13 da minti 50 kafin ya zagayo. Amma abin da aka auna na gaske awa 13 da minti 48 ne. Minti biyu. Na duba kod ɗina layi-layi, na sake lissafi da kalkuleta, na rage tazarar lokacin da manhajar ke tsallakawa, minti biyun nan na nan daram. A ƙarshe na gane dalili: Zuhal ba dunƙulalle ba ne sosai, yana juyawa a cikin awa goma da rabi, saboda haka ƙugunsa ya kumbura, faɗinsa ta tsakiya kilomita 120,536 amma daga sama zuwa ƙasa 108,728 kawai. Wannan kumburin yana ƙara jan duk abin da ke kusa da ƙugun, shi ya sa Pan ke ɗan sauri. Adadin da ke auna tasirin wannan kumburin ana kiran shi J2, na Zuhal kusan 0.0163. A Orbiter ma akwai wurin da ake kunna wannan ko a kashe shi. Da na saka shi a tawa, lissafi ya zauna cif.

Kada wani ya ce minti biyu ai ba komi. A kowane zagaye ne fa. Bayan zagaye 200, kusan wata huɗu ke nan, Pan ɗinka na kwamfuta yana wannan gefe na Zuhal, na gaske yana can ɗaya gefen. Ka tura kumbo ka tarar da wayam.

Na buga tebur ɗin sakamakon a shagon fotokofi na wajen Ƙofar Ƙaura na kai ofis ɗin sufabaiza na ina murna. Ko shafi na biyu bai buɗe ba. Ya ce wannan ba ya cikin abin da ya koyar, daga intanet na kwaso. Na ce ranka ya daɗe a ba ni minti biyar in nuna a laftof, ya ce shi ba ya da lokacin kallon wasan yara, kuma wai ni na fi Kepler sani ne? Na ce Dakta ba Kepler ne ya yi kuskure ba, lissafinsa na duniyar da take dunƙulalliya ne. Nan ya ɗaga murya har na ofis ɗin kusa suka leƙo, ya ce in cire babin gaba ɗaya ko kuma in nemi mai sa min hannu. Kun san me hakan ke nufi a zangon ƙarshe, ga Baba ya riga ya gaya wa kowa a unguwa bana zan gama. Na cire.

Ranar difens, malamin da aka gayyato daga waje ya buɗe aikina, tambayarsa ta farko ita ce, wata da ke kusa da Zuhal haka, ina ka kai kumburin ƙugun? Na juya na kalli sufabaiza na. Ya gyara zama ya ce ai ya sha gaya min aikin bai cika ba, yaran yanzu ba sa jin magana. A gaban kowa. Na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga min hannu. Aka ba ni C a aikin da na san ba wanda ya sha wahalar irinsa a ajinmu, ina bin shagunan caji da laftof a jaka duk lokacin da aka ɗauke wuta. Mutane na ce min in yafe, ina ƙoƙari, amma har yau in na tuna yadda ya gyara zaman nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ƙannena da ke tafe, duk gyaran da aka ce ku yi, ku roƙa a rubuta da biro a jikin takardar, ku adana ta. Babin da aka ce ku cire kada ku goge, ku ajiye a filash da imel. Duk lambar da kwamfuta ta ba ku, ku gwada ta da abin da aka auna na gaske kafin ku yarda. Kuma kafin a raba sufabaiza ku tambayi waɗanda suka wuce, a ɓoye.

Cikakken aikin yana nan wurina da babin J2 ɗin a ciki, duk ɗan dipatmen da ke so ya yi min magana in tura mishi. Yanzu ina kan Daphnis, wani ɗan watan Zuhal wanda Cassini ya gano a 2005 a gibin Keeler na zoben, faɗinsa kusan kilomita 8, shi har igiyoyi yake tayarwa a bakin zoben in ya wuce, kuma su nake so in ga ko laftof ɗin nan za ta iya zanawa.