Bahago da wuƙar aljihu: na daina zargin hannuna

Ni bahago ne tun haihuwa. Anyi ƙoƙarin juya ni kamar yadda ake yi wa kusan duk yaron daya taso a gidajenmu, kakata Allah ya jiƙanta har zare ta taɓa ɗaura min a hannun dama don in riƙa tunawa. Cin abinci da gaisawa da miƙa wa babba abu duk na koma dama kuma banga laifin hakan ba, tarbiyya ce kuma sunna ce. Amma duk aikin dake son ƙarfi da saiti, yanka ne ko sara ko jifa, to har gobe hagu ne ke yi min shi.

Ina da ɗan lambu a bayan gari ta hanyar Dass, sana'ata yi wa mangwaro da lemo aure, wato haɗa reshen wani itace da gindin wani su zama ɗaya, ina sayar da dashe, saboda haka wuƙa mai naɗewa bata barin aljihuna. Da ita nake yanka igiya, da ita nake farke buhun taki, da ita nake fere reshe, in yara sun biyo ni ma da ita nake fere musu rake. Ga masu karantawa daga nesa, nasan a Bauchi da zarar ance wuƙa a aljihu hankalin mutane yana tafiya kan 'yan sara-suka, kuma suna da dalili don mun ga abinda muka gani. Ni kayan aiki nake magana a kai, irin na manomi da mahauci da mai gyaran wuta.

Bara da damina na sayi wata a kasuwar Wunti, kyakkyawa, mai baƙar ƙota, ba wani suna a jikinta. Kwana huɗu da saye ina tsugune gindin wani dashe hannuna duk laka na zo rufe ta, sai kawai naji sanyi a ɗan yatsana manuniya, kafin in duba jini ya sauko har gwiwar hannu. Ɗinki uku aka yi min. Abinda yafi yankan ciwo shine maganar da kowa ya riƙa yi, ai dama bahago akwai ganganci, ai dama hannun hagu baida saiti. Nima na yarda da hakan tsawon shekaru wallahi, duk sanda na yanke sai ince laifina ne.

Da hannun ya warke na zauna na buɗe wuƙar nan ina kallon cikinta da kyau. Akwai wani siririn ƙarfe a cikin ƙotar, in ka buɗe wuƙar sai ya tsallako ya tokare gindin kaifin don kada ta rufe maka a hannu. Turawa na ce masa laina lok, wani maƙerin wuƙa Ba'amurke mai suna Michael Walker ne ya fito da irin wanda ake yi yanzu a 1980, kuma yau wuƙaƙen aljihu masu araha da yawa shi ne a cikinsu. In zaka rufe sai ka tura ƙarfen gefe da babban yatsa. To ga inda gizo ke saƙar: an yanke ɗan gurbi a ƙotar ta ɓangare ɗaya kawai, daidai inda babban yatsan mai dama zai faɗa ya tura cikin sauƙi. Ni da na riƙe ta a hagu gurbin yana can ɗaya gefen, turawa ta koma jawowa, babban yatsa baya iyawa sosai sai in sa manuniya in laluba, kuma manuniyar nan tana kwance ne daidai kan hanyar da kaifin zai bi ya shiga gidansa. Ɗan ƙusan da ake turawa a buɗe ta shima gefe ɗaya yake. Maƙalin aljihun ma an ɗaure shi ne don aljihun dama, in ka sa ta a na hagu sai ka ciro ta a juye ka tsaya kana jujjuya ta a tafin hannu.

Wannan na rufewa ne. Wanda yafi cin min tuwo a ƙwarya a sana'a shine kaifin kansa. Wuƙar aure ta gaskiya gefe ɗaya ake wasa ta, ɗaya gefen a shafe yake sumul kamar kurfi, dalili kuwa ana so yankan ya fito a miƙe ba tudu ba kwari, domin in ka haɗa reshen da gindin, koren nan dake ƙarƙashin ɓawo ya kwanta kan ɗan uwansa ba iska a tsakani, nan ne auren yake kamawa. In mai dama ya ja ta, shafaffen gefen ne ke bin itacen. In ni na ja wannan wuƙar dai da hagu, gefen da aka wasa ne ke kwanciya a kan itacen, sai ta riƙa zamewa tana fita ko kuma in danna ta nutse, yankan ya fito a karkace. Na daɗe ina mamakin yadda yaron da nake koyawa aiki aurensa ke kamawa fiye da nawa alhali ni na nuna masa, ashe wuƙar tasa ce ba tawa ba.

Sai na shiga nema. Na zaga Wunti, na zaga Muda Lawal, na leƙa masu kayan gini da masu kayan noma. Wani mai shago a Wunti dattijon kirki dana tambaye shi ko yana da wuƙa ta bahago sai ya ɗago ya dube ni yace, Malam wuƙa kuma har da ta bahago? Ai wuƙa wuƙa ce. Na ɗauki ɗaya daga cikin nasa nace Alhaji riƙe ta da hagu ka rufe min ita da hannu ɗaya. Ya gwada sau biyu ya kasa, a na uku ya janye yatsa da sauri yace subhanallahi, shekara nawa ina sayar da abin nan ban taɓa lura ba. Kuma ba laifinsa bane, dilan dake kawo musu daga Kano da Legas katan suke saukewa iri ɗaya, ba wanda ya taɓa ce musu akwai wani iri.

Abin yana damuna saboda ba mu da kaɗan. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 a duniya bahago ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Bauchi mutum sama da miliyan 4 da rabi, yanzu kuwa an ƙaru sosai, to kai lissafa da kanka. A cikinsu akwai mahauta da teloli da manoma da matan dake yanka kubewa da alayyafo kullum. Har rana aka ware wa bahagwai a duniya, 13 ga Agusta, amma a nan ko almakashin bahago sai ka sha wuya kafin ka gani.

A waje akwai su, ba wai babu ba. Kamfanin Chris Reeve na Amurka yana yin wuƙarsa Sebenza ta hagu zalla, komai a juye, Spyderco ma sun fitar da wasu nasu na hagu, sai dai kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne ga ta farkon, ta biyun ma ba ta talaka bace, ga kuɗin kawowa ga canjin dala. Masu kayan lambu sun fi tausayinmu, Felco na Suwizalan suna da almakashin datse reshe na hagu mai lamba 9, Tina na Jamus kuma suna yin wuƙar aure ta hagu. In kana da wanda zai taho maka da ita daga waje ka tuna masa ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa, ba'a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu.

Amma shawarata ga ɗan uwana bahago da bashi da wannan halin, ka daina neman wadda aka rubuta ta hagu a jiki, ka nemi wadda makullinta yake tsakiya. Akwai masu kulle a gadon baya, irin tsarin Buck 110 da ta fito a 1964, danna bayan ƙotar kake yi ta saki, kowane hannu ɗaya ne a wurinta. Akwai Okapi mai zobe a baya, asalinta Jamus ne tun 1902 yanzu a Afirka ta Kudu ake ƙera ta, zoben kake ja. Akwai Opinel ta Faransa mai ƙotar katako, a 1955 suka ƙara mata wani zobe a wuya da ake murzawa ya kulle, ita ma bata ruwanta da hannun da ka riƙe ta. Sannan akwai masu ɗan sandan ƙarfe daya ratsa ƙotar ya leƙo ta gefe biyu, Benchmade suka yi suna da shi da sunan Axis, yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa da sauƙin kuɗi. In a intanet zaka saya ka buɗe hotunan duka ka duba ko ƙusan buɗewar ya fito ta gefe biyu, ka duba ko akwai ramukan kusoshi a ɗaya gefen da zaka mayar da maƙalin. In a kasuwa ne kuwa kada ka ji kunya, ka buɗe ka rufe da hagu sau biyar a gaban mai shagon kafin ka zaro kuɗi.

Ta auren kuwa a maƙera na samu mafita. Wani abokina ya kai ni wurin wani tsohon maƙeri a cikin gari, ina zama kafin in gama bayani ya katse ni yace, yaro da wane hannu kake aiki? Wallahi sai da naji wani abu a ƙirjina, don tunda nake sayen kayan aiki ba'a taɓa yi min wannan tambayar ba. Nace Baba da hagu. Yace to ai sai ka faɗa tun farko, mu ko lauje zamu ƙera sai mun tambaya, don laujen bahago daban ake karkata shi, in ka ba shi na dama ciyawa zata riƙa kufce masa. Ya sa na fere wani kara a gabansa yana kallon yadda wuyan hannuna ke juyawa, sannan ya ɗauko guntun sifirin mota ya jefa a wuta, yaronsa na zuga.

Bayan kwana uku na koma. Ƙarama ce, tsawon kaifin bai wuce ɗan yatsa ba, ya wasa ta gefe ɗaya ta ɓangaren da nake so, ya dasa ta a ƙotar katako da ƙusa guda yadda zata naɗe, ba kulle ba komai, tauri ne kawai ke riƙe ta don haka ban sa ta aikin ƙarfi, aure kaɗai nake da ita. Tana tsatsa in na barta da danshi, sai na goge na shafa mata man gyaɗa. Ranar dana fara jan ta a reshen mangwaro yankan ya fito a miƙe ja ɗaya, na haɗa shi da gindin na ɗaga sama ina neman haske a tsakaninsu ban gani ba.

Ɗana na biyu shima bahago ne, shekararsa 11, ya fara bina lambu ranar Asabar. Nace wa Baba maƙeri ya ƙera masa tasa ƙarama marar tsini, yace in kawo yaron tukuna ya ga hannunsa. Shi kuma Alhajin nan na Wunti ya karɓi lambata yace zai yi wa dilansa magana ko za'a samu masu kulle a baya ko da dozin ɗaya ne a gwada, nace masa in sun iso ni zan fara ɗaukar biyu.