Kariyar Baba a shafin wani

Sana'ata renon shuke-shuke ce. Ina da ɗan fili a bakin titi tsakanin Samaru da Kwangila a Zariya, inda ni da yara biyu muke cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, muna renon mangwaro mai aure, lemo, gwaba da furannin ado. Yawancin cinikina yanzu ta waya yake zuwa. Mutum ya ga hoto a Facebook, ya yi magana ta WhatsApp, ya turo kuɗi, in kai kaya tasha a sa a motar Kano ko Kaduna. Wanda bai tako ya zo ba, da hoto kaɗai yake yarda da ni.

Cikin hunturun da ya wuce wata baiwar Allah ta sauko daga Keke Napep rungume da kasko. Kariya ce a ciki, lafiyayya, gindinta ya yi ɓul-ɓul, ta fitar da fure ruwan hoda mai kunne biyar, irin wanda kowa ya sani. Ta ce, "Malam, don Allah duba min, ko wani taki ne ban sa ba?" Sai ta nuna min hoton abin da aka ce mata zai fito: fure ja wur, ninki kan ninki, bakinsa da farin zare. Iri ta saya a intanet, ta shuka, ta yi kusan shekara biyu tana jira.

Kafin in gama kallon furen na gane katangar da ke bayansa. Ga tsagar da ta gangaro daga saman bulo, ga shuɗiyar butar alwala a gefe. Tsakar gidan Baba ne a Tudun Wada.

Baba tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma bai taɓa sayar da ko reshe ɗaya ba. Sha'awa ce kawai. A wurinsa na koyi yi wa kariya aure. Zai sa sabuwar reza ya yanke kan uwar daidai wa daida, ya goge ruwan da ya tsatso, ya ɗora ɗan guntun reshe mai ido ɗaya ko biyu, ya rufe da farar leda ya ɗaure, ya ajiye a inuwa kamar mako biyu. Duk lokacin sai ya ce, "Wanke hannunka, ɗana." Ruwan jikinta dafi ne, mafarauta ma sun yi amfani da shi a kan kibiya. Wannan jar ta hoton, sau uku aurenta yana lalacewa kafin ya kama. Ranar da ta buɗe fure, da kansa ya ɗauki hoto ya sa a shafinsa don abokansa su gani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mai tallar ya sayar da abin da ba zai yiwu ba. Kariya mai ninki, wadda masu reno a Tailan da Taiwan suka fi fitar da nau'o'inta, ba ta bin iri. Ka shuka 'ya'yanta, akasari ruwan hodar nan ta gado za ka samu. Da aure ko dashen reshe ake samun kamanninta sak. A shafin nan har da kariya shuɗiya, wadda babu ita a doron ƙasa, da kwamfuta aka rina furen.

Na rubuta wa mutumin cikin mutunci, na ce hoton na wani dattijo ne, ya cire. Ya amsa min cewa abin da ke intanet na kowa ne, daga nan ya toshe ni. Ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta haɗa da hotuna, kuma sa hoto a intanet bai raba mai shi da haƙƙinsa ba. Ni da jikan Baba muka cika fom ɗin ƙorafi na Facebook da sunan Baba, muka haɗa da asalin inda ya fara sa hoton. Aka sauke tallar. Da muka bi sawu da Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga hoton a wasu shafukan, ɗaya har ya ɗora nasa tambarin a kan katangar Baba.

Mu masu sana'ar ma abin yana taɓa mu. Wanda aka cuta sau ɗaya, in ya ga hotona na gaskiya sai ya yi ɗari-ɗari, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa yanzu nake rubuta sunan lambuna a jikin hoton, daidai kan gindin shukar, inda yanke shi zai ɓata hoton, ba can gefe ba. Duk mai saye kuma sai na yi masa bidiyon ainihin kaskon da zan aika, ina juya shi da hannuna, ina faɗin ranar.

Da na kai wa Baba labari na ɗauka zai yi faɗa. Ya daɗe yana kallon hoton a wayata, sannan ya tambaye ni ko matar tana nan kusa. Na ce a Hanwa take. Ya tashi ya ɗauko rezarsa, ya zagaya jar kariyar yana dubawa, ya yanko reshe mai kauri kamar yatsa, ya naɗe a takarda. Ya ce, "Shekara biyu tana ban ruwa. Gindin nata ya isa aure, je ka ɗora mata."

Washegari na yanke kan tata na ɗora. A kwana na goma sha shida na kwance ledar, idon ya kumbura ya yi kore. Na kira Hajiya na ce ta zo ta ɗauka, amma kada ta ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau.