Yadda na yi wata biyu ina lissafin firijin da ba shi da gas

Ni dai abin da ya jawo ni cikin wanga aiki zahin Sakkwato ne, watan Afrilu rana na dukan kwano digiri 43, an ɗauke wuta, ruwan randa ya fi na firiji sanyi. Da Malam ya ce in zaɓi furojet sai na ce zan yi kan elektrokalorik, wato wasu irin tangaran da roba da in ka sa musu lantarki sai su ɗau zahi, in ka cire sai su yi sanyi, babu kwamfireso babu gas.

Abin ba sabo ba ne, tun 1930 masanan Rasha Kobeko da Kurchatov suka gan shi a gishirin Rochelle amma canjin ƙanƙane ne, sai a 2006 da Mischenko da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka samu canjin digiri 12 a siririn fim na wani tangaran da ake kira PZT, shi ma sai da zahinsa ya kai kusan digiri 226, wa zai sanyaya kunun zaƙi da wannan?

Na rubuta lissafina a kwamfuta da yaren Python, faranti na wani tangaran da ake kira PST mai kaurin milimita 1, ruwa na kai da komo tsakaninsu yana kwashe zahin. Ranar farko inganci, wato yawan sanyin da ake samu in an kwatanta da wutar da aka ci, ya fito sama da iyakar Karno wadda babu firijin da ke iya wuce ta, ni har na fara murna, na kai ma Malam, ya duba ya ce "kai yaro, ka ƙirƙiro abin da Allah bai halitta ba ke nan." Ashe na ɗauka duk wutar da na cusa ma faranti tana dawowa, alhali shi kamar kafasita yake, wato abin da ke ajiye caji, in ba ka gina da'irar da za ta maido cajin ba to asara ce tsantsa, kuma ko an maido akwai wadda ke zama zahi a cikin kayan. Sannan na bar zahin waje a digiri 25 kamar yadda takardun Turawa ke yi. Ka duba, in ciki digiri 5 ne waje 25, iyakar Karno kusan 14 ce, amma waje ya koma 45 sai ta faɗo kusan 7, tun kafin a cire asarar komi.

Inda na fi shan wuya shi ne lokaci. Tangaran ba ya sakin zahi da sauri, lokacin da zahi ke ɗauka ya fita yana tafiya ne da kauri sau kauri, a lissafina milimita 1 na cin kusan daƙiƙa 2, ka raba kaurin biyu ya koma rubu'in haka. In ka hanzarta kunnawa da kashewa zahin bai gama fita ba ka sake kunnawa, kana ta ƙona wuta a banza, in ka yi a hankali inganci ya hau amma sanyin da kake samu ko ledar fiyawota ba zai sanyaya ba. Sati uku na yi ina wasa da waɗannan biyun, kwamfutar na ɗaukar zahi sai na ɗora ta kan tire na sa mata fanka.

Masu bincike a Luksambak sun kai tazarar digiri 13 tsakanin gefen zahi da na sanyi a 2020 da irin wanga tsari, nawa a kwamfuta bai wuce rabin haka ba. Malam ya ce in rage kaurin faranti zuwa rabin milimita in ƙara tsawon bututun da ruwan ke bi, gobe bayan Asuba zan sake kunna shi kafin rana ta taso.