Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an sallamo Inna daga asibiti a Jidda, tana gida a Makka, kuma da ƙafarta take zuwa banɗaki. Kiran waya da saƙonni sun fi ƙarfina, shi ya sa na rubuto nan. Kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: wai da gaske an sa wa Hajiya ƙarfe a baya?

Da gaske ne. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke hana su gogar juna. Na Inna da ke tsakanin na 4 da na 5 ya cinye, ƙashin sama ya zame gaba ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Abin da ya sa ke nan ta fi kuka da ƙafar hagu, alhali cutar tana baya. Wanda ya san shekarun da ta yi tana sauke tukwanen tuwon alhazai ba zai yi mamaki ba.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga likitan da ya yi aikin. Kafin mu sa hannu sai da ya ɗora wa Inna samfurin abin a tafin hannunta. Keji suke ce masa, na ƙarfen taitaniyam, tsawonsa bai kai santimita 4 ba. A tsuke ake zura shi inda aka kwashe faifan, sannan a riƙa murɗa shi a hankali ana duba hoto, yana buɗewa kamar jak ɗin mota har ƙasusuwan su koma tazararsu, jijiya ta samu sarari. Irin na da, wanda ba ya buɗewa, da cikakken tsayinsa ake cusa shi ta gefen jijiya, wannan kuwa ƙaramar hanya ta ishe shi. Sai kusoshi 4 da sanduna 2 da ke riƙe wurin.

Abin da ya ƙara min natsuwa da mutumin nan, bai yi mana tallan kayansa ba. Ya faɗa mana wannan kejin ya fi tsada, ba kuma kowane ciwon baya ne ke kai mutum tiyata ba. Ya ce idan ƙashi ya yi laushi keji yana iya nutsewa ciki, don haka sai da aka auna ƙwarin ƙashinta. Ya kuma ce ƙarfen tallafi ne kawai: an cika wurin da ɓarɓashin ƙashinta, shi ne zai tsiro ya haɗe biyun su zama ɗaya, kuma hakan kan ɗauki wata 6 zuwa shekara. Allah Ya saka masa da alheri, shi da ma'aikatan jinya da suka riƙa juya ta cikin dare ba ƙyashi, da baiwar Allahn da ke mata gashin ƙashi, wadda ta tsayar da ita washegarin aikin muna ta salati.

Iyayenmu mata na adashi, kun bar wa Inna kwasar da ba tata ba, ba mu ma roƙa ba. Samarin unguwa da suka je ba da jini, maƙwabcinmu da ya mai da motarsa tamu a hanyar Jidda ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Kawu da Gwaggo da suka aiko daga Kano, Allah Ya biya ku. Dangin Inna na Mai Wurno da ke Sudan kuwa, da yaƙi ya hana ku barci tun 2023 amma kuka taru kuka yi mata saukar Alƙur'ani, da na kunna mata saƙonku kuka ta yi. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.

Har waɗanda suka ce kada mu yarda, wai in aka taɓa baya sai keken guragu, mun gode, mun san ƙauna ce ta sa. Sai dai ƙafar ta riga ta fara ja a ƙasa, kuma jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo duka ba. Ko yanzu da sauran kasala a yatsunta.

Roƙona ga masu zuwa dubiya: an hana ta sunkuyo, da ɗaukar nauyi, da murɗa jiki. A kan kujera take salla, don Allah kada a ce mata ta gwada sujada. Kun san Inna, in ta ga babba sai ta rusuna, to ku riga ta ku ce ta zauna. Kada a miƙa mata jika ta ɗauka. A zo bayan la'asar, da safe tana wajen gashi. Masu tambayar tuwo kuma, Yaya ce ke riƙe da tukunya a bana.