Kodisefin da ƙwayoyin tsayar da jini

Duk wanda aka yi wa tallar kafson Cordyceps a Maraɗi da sunan maganin ƙarin kuzari, ya kamata ya san abin da ke ciki. Cordyceps militaris dangin laimar kwaɗi ne da ke tsirowa a jikin ƙwari. A 1950 aka fara ciro sinadarin kodisefin daga jikinsa, kuma ƙirarsa kusan ɗaya take da ta adenosin da jikinmu ke yi.

Filaket su ne ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini, kowace tana rayuwa kwana 7 zuwa 10. Jijiya na yankewa sai su manne wa kolajin, wato zaren furotin da ke bangon jijiyar, kalsiyam ya ƙaru a cikinsu, su saki sinadaran ADP da turomboksan A2 don kiran 'yan'uwansu, su dunƙule. Kodisefin yana ɗaga cAMP da cGMP, sinadaran da ke kwantar da filaket, a cikin ƙwayar, kalsiyam ya sauka, turomboksan ya ragu, dunƙulewar ta yi sanyi.

Ana auna wannan da hanyar da masanin kimiyya Gustav Born ya fito da ita a 1962. A ɗebi jini kashi 9, a haɗa da kashi 1 na sitiret mai ƙarfin 3.2 cikin ɗari, wanda ke hana jinin daskarewa. A juya shi a na'ura sannu-sannu, kamar minti 10, a kwashe ruwan saman mai gurɓi-gurɓi, wanda filaket ke ciki. A ɗumama shi zuwa digiri 37, a zuba kodisefin, sannan kolajin. In ƙwayoyin sun dunƙule ruwan zai washe, haske ya ratsa. In ya tsaya a gurɓace, sinadarin ya yi aiki. Inda ake yawan ɓata gwajin shi ne a jefa jinin cikin firji saboda zafin garinmu, alhali sanyi yana tayar da filaket tun kafin a fara. Kada kuma gwajin ya wuce awa 4 bayan ɗibar jinin.

Sai dai kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. A cikin jini akwai wani sinadari mai suna adenosin diyaminas da ke rushe kodisefin da sauri, don haka kafson ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Abin da ya fi damun mu shi ne mai shan magungunan hana jini daskarewa irin su asfirin, kulofidogirel ko warfarin ya ƙara da wannan kafso, don jini na iya ƙin tsayawa. Haka mai zazzaɓin cizon sauro a damina, wanda filaket ɗinsa sun riga sun ragu. Haɓo, jinin dasashi ko baƙin bayan gida, a dakata da shan kafson a nufi asibiti. Wanda za a yi wa tiyata ko cire haƙori ya tafi da kwalbar kafson ya nuna wa likita tun ranar da aka sa masa rana.