Inshora da sake gina mama bayan tiyatar cutar kansa: a yi maganar tun kafin ranar aiki

Matar da likita ya ce za a cire mata mama saboda cutar kansa, wato ciwon daji, ita da danginta tsira kawai suke nema, ba wanda ke tuna takardar inshora. Amma a wannan makon ne ya kamata a tayar da maganar sake gina maman. Wadda ta bari sai komai ya lafa, sau da yawa amsar da take samu ita ce wannan aikin kwalliya ne, ba ya cikin yarjejeniya. Wallahi abin yana da ciwo, domin mayar wa mace sassan jikin da cuta ta raba ta da shi magani ne.

A Amurka doka ta raba gardama tun 1998: inshorar da ta biya kuɗin cire mama sai ta biya na sake gina shi, har da daidaita ɗaya ɓangaren. Mu nan Najeriya dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma abin da za a biya miki yana cikin takardar tsarin da kike ciki, ko HMO, wato kamfanin inshorar lafiya, na wurin aikin maigida ne, ko Ilera Eko na gwamnatin Legas.

Don haka, 'yar'uwa, ki roƙi likitan da zai yi aikin ya tura ki wurin likitan gyaran jiki tun yanzu. Akwai su a LUTH nan Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi. Likitan ya rubuta miki wasiƙa ƙarara cewa gyaran yana cikin jinyar kansa, ya faɗi irin aikin da sau nawa za a shiga ɗakin tiyata.

Wannan na ƙarshen shi ne inda ake faɗawa rami, don gyaran ba aiki ɗaya ba ne. Idan silikon za a sa, wato roba mai laushi da ake dasawa a madadin maman, galibi akan fara da wata jaka a ƙarƙashin fata, a riƙa ƙara mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan na makonni har fatar ta buɗe, sannan a sake tiyata a musanya ta da silikon ɗin. Idan kuma da naman jikinki za a yi, daga gadon baya ko daga mara ake ɗebowa. Aikin ya fi tsawo, kwanciyar asibiti ma haka. Kan nono da daidaita ɗayan sukan zo daga baya. Lambar amincewar da kamfani ya bayar ta aikin farko ba ta rufe na biyu ba. Ki nemi ta kowane mataki a rubuce, kar ki tsaya kan "ba matsala, Hajiya" ta waya.

Ki duba iyakar kuɗin tiyata da inshorar ke biya a shekara. Cire maman kaɗai na iya cinye shi, gyaran ya tarar ba saura. Ki kuma tambaya takamaimai ko silikon ɗin kansa yana ciki: wasu tsare-tsaren na biyan aikin likita su bar miki kayan, kayan kuwa daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi.

Gashi ma, wato ƙona cutar da hasken na'ura (radiotherapy), yana sauya lissafi. Yakan sa nama ya taurare ya matse silikon, maman ya yi tauri yana ciwo, shi ya sa likitoci kan jinkirta gyara wata 6 zuwa 12 bayan an gama gashi. Kafin lokacin shekarar inshora ta juya, sai ki tabbata an sabunta ba tare da giɓi ba, kar a mayar da ke sabuwar shiga mai jiran wa'adi. Mai ciwon suga kuma ta daidaita shi tukuna, don yana hana rauni warkewa.

Idan suka ƙi, ki ce su rubuta dalili, ki haɗa da wasiƙar likita ki kai ƙorafi NHIA, ko LASHMA, hukumar inshorar lafiya ta Legas, in Ilera Eko ce. Kafin a warware, akwai maman roba da ake sawa cikin rigar mama. Shi ma ki tambaya ko za su biya.