Mutumin da ke dukan ƙofar mota

Ranar da na fara ganin Marc Madiot ban san ko wane ne ba. Wani dattijo da muke aiki tare a wani sito da ke bayan garin Lille ne ya miƙo mini wayarsa lokacin hutun rana, ya ce in kalla. Wani mutum na gani ya leƙo da rabin jikinsa ta tagar mota, yana ta dukan ƙofa da tafin hannu, yana kururuwa kamar wanda gobara ta kama rumbunsa. A gefensa wani siririn saurayi ne a kan keke, baki buɗe, yana ta taka feda. Na ce wa dattijon, "Wannan kuwa lafiyarsa ƙalau?" Ya yi dariya har ya ƙware da kofi, sannan ya ce mini mahaukacin da nake gani sau biyu ya cinye tseren keke na Paris-Roubaix.

Abin ya faru ne ranar 8 ga Yuli 2012, a zango na takwas na gasar Tour de France, wanda ya ƙare a garin Porrentruy na ƙasar Suwizalan. Saurayin shi ne Thibaut Pinot, mahayin ƙungiyar da Madiot ke jagoranta, ɗan shekara 22, autan duk waɗanda suka shiga gasar a shekarar. Manyan zakaru na biye da shi, tazarar sai raguwa take yi, da ƙyar ya tsira da daƙiƙa 26. Tun daga ranar na shiga bin labarin mai dukan ƙofar.

Ni ɗan mai gyaran keke ne. A gindin wani dogon yaro a Damagaram Baba ya yi shekaru yana faci, yana ɗaure birki, yana mayar da kacar da ta zame. Keke a wurinmu jakin talaka ne, a ɗora masa buhun gero ko jarka huɗu ta ruwa. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wanda zai ci abinci da gudu a kansa ba, balle har ya tsufa yana biyan wasu albashi su yi gudun.

An haifi Madiot a 1959 a Renazé, wani ɗan ƙaramin gari a yankin Mayenne, kuma ɗan manomi ne. Ya zama ƙwararre a 1980 a ƙungiyar Renault, ƙarƙashin Cyrille Guimard, inda babban zakara Bernard Hinault yake, daga baya kuma wani zakaran, Laurent Fignon. Wanda ya tashi a gida irin wannan dole ya fara da hidima: ka tare wa babba iska, ka koma baya ka ɗebo masa gorar ruwa, in tayarsa ta yi faci ka ba shi taka. Duk da haka ya ci zango ɗaya a Tour de France na 1984, ya zama zakaran Faransa a 1987, shekara guda bayan ƙanensa Yvon ya riƙe kambun. Amma abin da ya fito da sunansa Roubaix ne, a 1985 da 1991.

Sai in ɗan tsaya a nan, don wanda bai taɓa ganin hanyar ba ba zai gane ba. Tseren ya haura kilomita 250, kuma fiye da 50 daga ciki tsofaffin hanyoyin gona ne da aka jera wa duwatsu, kowanne ya kusa kan jariri, babu wanda ya daidaita da ɗan'uwansa. Wata Lahadi na ɗauki kekena na zuwa aiki na tafi Carrefour de l'Arbre, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi muni, kilomita biyu da ɗoriya kacal. Kafin in kai rabi yatsuna sun mutu, ƙararrawa tana kaɗa kanta, haƙorana suna haɗuwa, gorar ruwana ta yi tsalle ta faɗa gonar wani. Sauka na yi na tura. Wani tsoho da ke yawo da karensa ya bi ni da kallo bai ce uffan ba, kuma gara da ya yi shirun. A irin wannan hanya, cikin taɓo, Madiot ya bar kowa a 1985 ya shiga filin Roubaix, inda tseren ke ƙarewa, shi kaɗai. Abokin ƙungiyarsa Bruno Wojtinek ya zo na biyu, Sean Kelly na uku. Kofin da ake bayarwa ma dutse ne daga irin na hanyar. Yau akwai wani yanki tsakanin Beuvry-la-Forêt da Orchies da aka raɗa wa sunansa.

Ya ajiye keke a 1994. A 1997 shi da Yvon suka tayar da sabuwar ƙungiya da kuɗin La Française des Jeux. In faɗi gaskiya, kamfanin caca ne na ƙasar Faransa, kuma shi ya sa ban taɓa sayen rigar ƙungiyar ba duk da son da nake yi musu. A watan Afrilun shekarar farko, wani yaronsa da ba a sa shi a lissafi ba, Frédéric Guesdon, ya shammaci manya a cikin fili ya ɗauke Paris-Roubaix. An shafe sama da shekara 25 bayan haka babu wani Bafaranshe namiji da ya sake ɗaga dutsen. Shi ma Guesdon da ƙafa ta gaji motar ƙungiyar ya koma.

Mutane suna ɗauka aikin ihu ne kawai. Wanda ke cikin mota yana sauraron rediyon gasa, yana duba taswira, yana lissafin inda iska za ta bugo daga gefe, yana faɗa wa mahayansa ta na'urar kunne wa zai ja, wa zai huta. A kujerar baya makanike ne zaune da tayoyi a cinya, yana jiran a kira lambar ɗayansu. Shi kuwa babban maigida, wanda Madiot ya zama, nasa ya fi haka ɗaci: neman masu zuba kuɗi, sabunta kwantiragi, da zaɓen mutum takwas daga cikin kusan talatin da za su je Tour. Abin dariyar shi ne Madiot ya daɗe yana sukar na'urar kunnen nan, yana ganin tana mayar da mahayi kamar abin da ake juyawa daga nesa. Ina jin mutumin da ya saba yanke shawara shi kaɗai a kan duwatsu ne ke magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya ga tsohon ɗan kokowa a bakin da'ira lokacin da yaronsa ya kama da wani: kafaɗarsa tana motsi, ƙafarsa tana neman ƙafar da ba ta gabansa. Ya san kamun da za a yi, amma jikin da ke ciki ba nasa ba ne. Dukan ƙofar nan na 2012 haka na fahimce shi.

A 2019 abin ya kai maƙura. Ranar 20 ga Yuli Pinot ya ci zangon da ya ƙare a kan dutsen Tourmalet. Wannan karon Madiot ba ya cikin mota, yana tsaye ne gaban allon talabijin kusa da layin ƙarshe, yana maimaita "Allez mon grand", wato kamar ka ce "yi maza, yarona", har murya ta dushe. Faransawa ba su ci Tour ba tun Hinault a 1985, ƙasar duka ta fara sa rai. Kwana shida bayan haka, tsokar cinyar Pinot ta ƙi, ya sauka daga keke yana kuka, abokinsa William Bonnet ya rungumo shi. Dattijon wurin aikinmu bai yi wa kowa magana ba a ranar Litinin. Pinot bai taɓa sauya gida ba, daga 2010 har ya yi ritaya a 2023 yana wurin Madiot, yanzu kuma yana ƙauyensu Mélisey da awakinsa. Wannan kiwon awakin kaɗai ya isa ya sa in so shi.

Ba zan wanke Madiot tas ba. Ƙungiyarsa ba ta taɓa cin Tour ba, kuma ba rashin kuɗi kaɗai ba ne, ko da yake masu kuɗin Daular Larabawa sun yi musu nisa. Yana da taurin kai da son tsohon yayi. Yadda aka yi da Arnaud Démare ma bai yi mini daɗi ba. Mutumin da ya ciyo musu tseren Milan-San Remo a 2016, ya yi musu sama da shekara goma, aka bar shi a gida lokacin Tour na 2023, kafin shekara ta ƙare ya tattara ya koma ƙungiyar Arkéa. Na san wani dole ya yanke irin wannan hukunci, amma da ni ne da ban iya haɗa ido da shi ba.

Da na je gida hutun bara na nuna wa Baba hoton bidiyon 2012. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuska, don ido ya yi rauni. Na zaci ihun ne zai ba shi dariya. Ya kalla sau biyu, ya sa yatsa a kan kekunan da ke jere a saman motar, ya ce, "Duk waɗannan na yaro ɗaya ne?" Na ce a'a Baba, na ƙungiya ne, ko da wani zai lalace. Ya jinjina kai.

"To wa ke gyara musu?"

Na ce akwai makanike a kujerar baya.

Ya ce, "Mayar da shi baya in ga ko za a nuno shi."